Tsohon da Ya Iya Cewa Bai Sani Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Tun kafin masu jana'iza su gama karkaɗe ƙasar takalmansu aka fara yi masa ƙarya.

Ba ƙaryar mugunta ba, ta yabo. Ina tsaye a zaure ina miƙa shayi ga mazan da ke zaune ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu a Old Maiduguri, na ji Bulama, mai unguwarmu, yana cewa, "Yau an rufe kundi. Babu tambayar da za ka kai wa marigayi ya rasa amsarta." Kawuna dillalin shanu, wanda bai taɓa zama ya saurari ubansa na tsawon shan kofi ɗaya ba, ya karɓe: "Turanci kuwa, ko Bature sai ya sara masa." A cikin gida mata suna ta wushe da kanadi, sannu da haƙuri ke nan, wata tana rantsuwa wai harshe bakwai yake ji. Huɗu ne: Larabcinmu na Shuwa, Kanuri, Hausa da Turanci.

Ni ban san mutumin da suke yabo ba. Wanda na sani ya fi kowa a garin nan yawan cewa "ban sani ba". Da harshe huɗun yake faɗinta, a Turanci ma yana da ita kala-kala kamar hulunansa. Shi ya sa na ɗauki biro. In na bar su, nan da shekara za su mai da shi wani waliyyi masanin komai, shi kuwa na gaskiyar ya ɓace.

Mutum ɗaya ne bai sa baki a yabon ba: maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, Kirista daga kudancin Borno, wanda duk unguwa ke kira Baba Malam. Shekara da shekaru suna buga dara da Kaka kowace la'asar. Yana zaune a gefen tabarma da hularsa a kan gwiwa, da na miƙa masa kofi ya ce a hankali, "Kina jin su? Da yana nan da ya kore su."

Akwai kuma wadda na yi fatan kada ta zo, ta zo. Wata tsohuwa ce manomiya daga Khaddamari. Na hango ta tana cire takalmi, da ƙullin busasshiyar kuɓewa a hannu, na gudu madafa na tsuguna bayan tukwane kamar ɓarauniya. Ni tafinta ce a wani ofishi da ke taimaka wa mutane neman 'yan uwansu da suka ɓace a shekarun rikici. Ɗan wannan tsohuwa yana cikin waɗanda suka ɓace. Ni kuma na gaya mata an ce yana da rai, alhali ba wanda ya faɗi haka. A kan wannan muka yi faɗa da Kaka, ya mutu ban gyara ba.

Ta same ni har madafar. "'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Ke kin share mini hawaye, ga shi ni ba ni da abin share naki." Na karɓi kuɓewar na ce amin. Iya abin da na iya ke nan.

Iyayen Kaka makiyaya ne. Shi kaɗai aka tura boko a cikin 'ya'yan gidan, don an ga bai da ƙarfin bin shanu. Ya ƙare yana tafinta a asibiti, tsakanin likitoci baƙi da mutanen ƙauye, har ya yi ritaya. Dogon mutum ne siriri, mai jinkirin magana. Ni kuwa in ana jan zance ji nake kamar tururuwa na bin ƙafata. Sai ka tambaye shi abu, ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar, kana tsammanin amsa mai nauyi, sai ya ce, "Ban sani ba."

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san halinmu. Tambayi mutum hanya, ko bai taɓa jin sunan wurin ba zai nuna maka da hannu: miƙe, ka yi dama, in ka ga masallaci ka iso. Kunya ce a ce wa baƙo ba a sani ba. Sai ka tsinci kanka a Dusuman kana neman gidan da ke bayan tasha. Kaka ba ya haka. Zai ce wa baƙon bai sani ba, sannan ya zura takalmi ya raka shi wurin mai wanki, don shi ya san kowane gida. 'Yan uwanmu na kasuwar shanu sukan zo da saniya mai zawo ko mai tari, su ce, "Kai da ka zauna da likitoci, me ke damunta?" Ya ce shi da na mutane ya zauna, su ma bakinsu kawai yake ɗauka. Su tafi suna gunaguni wai boko bai yi masa rana ba. Mahaifiyata, Ammi, ta sha cewa, "Baba, ko sau ɗaya ka faɗi wani abu mana don mutane su ji daɗi." Ya ce jin daɗi ana sayar da shi a kasuwa, sunansa alewa.

Da na gama sakandare aka kira ni ganawar neman aikin nan, sai ya sa aka shimfiɗa mana tabarma. Na zaci manyan kalmomi zai koya mini.

"Zauna, uwargida," in ji shi, da yake haka yake tsokanata. "Yau za ki koyi yadda ake cewa ba a sani ba."

"Tsoho, aiki zan nema, ba kora ba."

Bai kula ni ba. Ya ce "I don't know" ita ce uwa, tsirara take, ba ta da kwalliya, kuma ba ta taɓa kashe kowa ba. "I have no idea" sai in ko ƙanshin amsar ban ji ba. "I'm not sure" ta mai rabin sani ce, kuma ya ja mini kunne a kanta: masu wayo a bayanta suke ɓuya don a zaci sun san wani abu, in ban san komai ba kada in taɓa ta. "I can't say" ta likitoci ce, in an tambaye su abin da Allah kaɗai ya sani. Da ya zo kan "let me find out" sai ya ɗaga yatsa.

"Wannan alkawari ce. In kin faɗe ta, sai kin tashi da ƙafarki kin nemo."

"Saura nawa? Ƙafata ta yi sanyi."

"Saura ɗaya, amma ba taki ba ce. Ta sa'o'i ce, kada ki yi wa babba."

Ita ce "your guess is as good as mine", wato ni da kai duk a duhu muke. Shi da Baba Malam suke jifan juna da ita a kan dara, in ɗaya ya tambayi yaushe za a kawo wuta ko yaushe ruwan farko zai sauka.

Na je ganawar, na amsa komai da ƙarfin hali, har abin da ban gane ba. Aka ɗauke ni. Na dawo ina taƙama: "Ango, na samu, kuma ko sau ɗaya ban ce ban sani ba." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Allah ya kyauta wa waɗanda za ki yi wa fassara." Na ɗauka wasan kaka da jika ne.

Ga yadda abin ya faru. Shugabata baƙuwa ce, ba ta jin Hausa balle Kanuri. Tsohuwar Khaddamari ta zo da hoton ɗanta. Ya fita kai albasa kasuwar wani gari, motar ba ta isa ba, ana cikin shekara ta biyar ke nan. Ya bar matarsa da yara biyu a hannun tsohuwar. Bayan an yi bincike aka kira ta. Shugabata ta riƙe hannunta ta ce, "We don't know." Ta ce sunansa ba ya cikin kowace takarda da suka duba, za su ci gaba da nema, amma ko yana raye ko ba ya raye, "I can't say."

Tsohuwar ta juyo gare ni. Ku da kuke karatu ba ku ga idon nan ba. Na buɗe baki sai na ji ina cewa, "Ta ce ki kwantar da hankalinki, Iya, ana nan ana nema, in sha Allahu za a gan shi."

"Ta ce yana da rai?"

Na gyaɗa kai.

Shi ke nan fa. Gyaɗa kai ɗaya. Shugabata ta ga tsohuwa tana murmushi tana sa albarka, ta ɗauka tawakkalin mutanenmu ne. Ni ma na gaya wa kaina duk tafintocin ofishin haka suke yi. A garin nan ba a sallamar uwa da "ba mu sani ba", sai an naɗe mata ita a cikin in sha Allahu.

Bayan wata biyu tsohuwar ta dawo da fara'a. Wai mahaifin surukarta ya zo zai ɗauki 'yarsa ya kai maganarta gaban alƙali, a duba mata ko za a raba auren, tunda yarinya ce kuma shekaru suna tafiya. Tsohuwar ta ce masa ofishin Turawa sun tabbatar ɗanta yana da rai, wa zai raba auren rayayye? Mutumin ya ji kunya ya koma. "Kin ga amfaninki, 'yata," in ji ta. "Da ba don ke ba da sun watsa mini gida."

Ran nan da yamma na ba Kaka labari, ina so ya ce ba komai. Ya kashe rediyo.

"Me matar ta ce da Turanci?"

Na faɗa masa.

"Ke kuma me kika ce?"

Na faɗa masa.

"Wa ya ɗauke ki aikin tausayi? Tafinta mazurari ne, ba rijiya ba. Abin da aka zuba shi ke fita."

"Kai ba ka ga idonta ba."

"Na ga idanu shekara talatin. Ita yarinyar da kika ɗaure, kin ga nata?"

Nan raina ya ɓaci, don ya taɓa inda ke ciwo. Na ce masa mutane ba katako ba ne. Na ce da "ban sani ba" ɗinsa shi ya sa ya yi ritaya yana tafinta, waɗanda ya koya wa aiki suna wuce shi a mota. Ammi ta fito daga ɗaki da sauri tana cewa in rufe bakina. Shi kuwa ya cire hula, ya mayar.

"Wannan kam na sani," in ji shi. Can ya ƙara: "Na taɓa cike wa likita gurbi da abin da bai faɗa ba sau ɗaya, ina saurayi. Ba na so ki kwana da irin abin da nake kwana da shi."

Ya sake kunna rediyonsa. Na tambayi Ammi daga baya, ta ce ita ma ba ta taɓa jin labarin ba. Baba Malam ma bai sani ba. Ya tafi da abinsa kabari, kuma har yau in na tuna sai in tashi in kama shara ko wanki, don zama ba ya yiwuwa.

Mako uku ba ma hira. In kai masa burabisko in ajiye in juya. Ba ya ce mini uwargida, ba ya roƙon in ƙara masa sukari a ɓoye. Tambaya ɗaya ce kullum: "Kin je Khaddamari?" In ce aiki ya yi yawa. In ce hanya ba kyau. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ni da ake cewa bakina ba linzami, na kasa fuskantar tsohuwa ɗaya.

A haka ciwon ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Muka kai shi asibiti, wani matashin likita ya duba takardun gwaji ya shiga zuba Turanci mai tsawo, kalma kan kalma, yana kallon bango. Kaka ya bari ya gama, sannan ya kama hannun rigarsa ya ce da Hausa, "Ɗana, in ba ka gano ba tukuna ka faɗa. Ba za a karɓe maka takardar likitanci ba." Likitan ya yi dariyar kunya ya ce gaskiya ba su gano ba, sai an sake gwaji. "Yawwa," in ji Kaka. "Yanzu na yarda ka yi mini allura."

Ranar Litinin da safe na leƙa shi kafin in tafi aiki. Ya rame har hularsa tana faɗo masa kan gira.

"Uwargida."

"Na'am, tsoho."

"Kin je?"

"Ranar Asabar zan je."

Ya daɗe yana kallona. "Uhm," in ji shi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Da na sani da na zauna. Da na ce masa maganar mota da na yi ba ta kai zuci ba. Amma keke yana jirana a waje, ni kuma kullum sauri nake yi.

Ranar sadakar uku na gaya wa Ammi zan je in warware maganar. Ta ce in bar kaza cikin gashinta. "Ƙaryar alheri ce. Ki bar baiwar Allah ta mutu da sa ranta. In kika je yanzu ma aikinki za ki jawo wa." Na kusa yarda, don abin da nake so in ji ke nan.

Da la'asar na fita zubar da ruwa, na tarar da Baba Malam zaune shi kaɗai a inda suke dara. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

"Lokacin da Mamanku ta kwanta a asibiti," matarsa yake nufi, "kowa ya zo sai ya ce za ta tashi. Mutanen coci suka ce za ta tashi. Maƙwabta Musulmi suka ce za ta tashi. Na ja kakanki waje na ce, kai ka san bakin likitoci, gaya mini. Ya ce, ban sani ba, su ma ba su sani ba, amma da ni ne da na kira yara yau. Na ji haushinsa, wallahi. Kwana biyu ban gaishe shi ba. Amma na kira su. Na Jos ya iso, ta Yola ta iso. Ta gan su duka, ta sa musu albarka da bakinta." Ya juya hular a hannunsa. "Masu cewa za ta tashi sun fi shi daɗin baki. Da na bi tasu, da yarana gawa za su tarar."

Washegarin sadakar bakwai na hau mota zuwa Khaddamari. Na tambayi gidan, aka nuna mini wurare uku daban kafin in dace. Na same ta tana sussukar gero a tsakar gida, surukarta tana gefe tana wanke wa ƙaramin yaron ƙafa. Yarinya ce, ba ta fi ni da shekara biyu ba. Tsohuwar ta tashi da murna za ta shimfiɗa mini tabarma.

"Iya, kada ki shimfiɗa. Ba zama na zo yi ba, laifi na kawo."

Ta tsaya da tabarmar a hannu.

"Ranar da kika zo ofis, matar nan ba ta ce yana da rai ba. Cewa ta yi ba su sani ba. Sunansa ba ya cikin masu rai, ba ya cikin matattu. Ni na ƙara sauran."

"An samu labarin ya mutu ne?"

"A'a. Ba a samu komai ba. Yadda kika zo haka ake har yau."

Ta ajiye tabarmar a hankali. Na zaci kuka za ta yi, na ma shirya wa zagi. Sai ta ce, "Na tsaya gaban surukina, dattijo, na rantse masa da maganarki."

"Na sani, Iya."

"Ba ki sani ba. Ke kin koma gidanku kin ci tuwo." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Allah ya jiƙan kakanki. Amma ke kada in sake ganin ƙafarki a gidan nan."

Ban roƙe ta ba, don ba ni da bakin roƙo. Na juya na fita. Ban yi nisa ba na ji takun mutum a bayana. Surukar ce, hannunta jiƙe, ta ja lafaya ta rufe rabin fuska. 

"Abin da kika faɗa a ciki," in ji ta, tana waiwayen ƙofa, "za ki iya maimaita shi a gaban babana?"

"Zan iya."

"A gaban alƙali fa?"

"Ko a gaban waye."

Ta shiga murza bakin lafayarta. "Ba wai na ƙi shi ba ne," ta ce. "Mutumin kirki ne. So nake kawai in san matsayina." Ta ce ranar Litinin in jira ta a tasha da safe mu je wurin babanta, za ta ce wa tsohuwar za ta kai yaro rigakafi. Na ce a'a, ba za mu fara da wata ƙaryar ba, ta gaya wa tsohuwar inda za ta. Ta dube ni kamar za ta fasa. Sannan ta ce to.

Na gaya wa shugabata komai. Ta ce za su zauna a kan maganata, har yau ban ji sakamako ba. Litinin ɗin kuwa jibi ce.

Allah ka jiƙan Kaka, ka yalwata masa kabarinsa, ka yafe masa gurbin nan guda da ya cike yana saurayi. Ka sanyaya zuciyar tsohuwar da na ɓata wa, ko da ba za ta sake duban fuskata ba. In ɗanta yana raye ka dawo mata da shi, in ya riga mu ka kai mata labari. Amin.